Kafaɗun da Buraima Ya Rufe

A siton Abu Nayif da ke bayan kasuwar kayan miya ta Utaiƙa, a birnin Riyadh, akwai wani dogon tebur na ƙarfe kusa da taga. Teburin Buraima ke nan. Duk kayan da suka shigo daga waje da hoton mace a jikinsu, ko mujalla, ko kwalin sabulu, ko kwalin man gashi, sai sun bi ta hannunsa kafin a kai su shago. Zai ɗauki baƙin alƙalaminsa mai kauri ya rufe kafaɗa, ya rufe damtse, ya rufe ƙafa har idon sawu. Shekara goma sha huɗu yana wannan aikin. Mutumin Maraɗi ne, ya haura hamsin, kuma ban taɓa ganin tawadarsa ta tsallake layi ba. Idan ya gama da mace, sai ka rantse da doguwar riga aka ɗauke ta hoton.

Ni ina ɗaya ɓangaren, inda ake buga hotuna a sa musu firam. Na yi karatun zane da ɗab'i shekara biyar a Italiya, na koma Gusau na zauna shekara uku babu aiki, sannan aka haɗa ni da Abu Nayif ya zama kafilina, wato wanda iƙamata, takardar zamana a ƙasar, take hannunsa. Buraima ma shi ne kafilinsa. Sunana Uwais, amma Buraima yana ce mini Ɗan Italiya, ni ina ce masa Baba. Tare muke cin abincin rana a kan kwali, kullum shi ke raba burodin.

A farkon 2018 aka cika gari da zancen za a buɗe gidajen silima, bayan shekara talatin da wani abu suna rufe. Cikin makonnin nan ne Dakta Musa'id ya zo. Tsoho ne, likitan masu taɓin hankali da ya yi ritaya, kawu ne ga matar Abu Nayif. Direbansa ya shigo da wata faffaɗar jakar fata ya ajiye. Dakta ya buɗe ta da kansa.

Fostocin finafinai ne, guda tara, a ninke. Na gane su tun kafin a gama warware ta farko. Irin na da ne, waɗanda mai zane yake yi da hannu sannan a buga a kan siririyar takarda, a liƙa a bango mako guda, ruwan sama ya cinye. Ba don su daɗe aka yi su ba. Duka na finafinan nan ne da babu harbi babu gudu da mota, sai mutum biyu ko uku a cikin gida ɗaya suna cin juna a hankali. Fuska rabi a duhu. Ƙofa a buɗe. Hannu a kan makunnin fitila.

Na karanta rubutun da ke ƙasan ta farko da ƙarfi, ban san na yi ba. Dakta ya ɗago. Ya yi mini magana da Italiyanci, na amsa. Ya yi dariya har ya dafa tebur.

"Shekara arba'in ban sami wanda zan yi wannan yaren da shi a garin nan ba," ya ce. "Ashe yana nan bayan masu sayar da albasa."

Ya ce a Roma ya yi karatun likita. Wurin masu gadin silima yake roƙar fostocin idan fim ya sauka. Da ya dawo gida ya sa su ƙarƙashin gado, can suka zauna har yanzu. Yana so a sa musu firam ya rataye a majalisinsa, wato ɗakin baƙinsa, tunda yanzu ba wanda zai ce don me.

Ta tara ta fi sauran girma, takarda biyu ce a haɗe, ta fi ni tsawo. Mace ce zaune gaban madubi cikin koriyar riga wadda ta bar kafaɗunta da bayanta a waje. Fuskar da ke cikin madubin tata ce, amma ta tsufa da shekara talatin. Can baya, a kan matakala, inuwar namiji.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji Dakta. "Ta matata ce, Allah ya ji ƙanta. Ita ta roƙo ta. Ba ta jin yaren, da hannu ta yi ta nuna wa mai gadin har ya gaji ya ɓanɓaro mata."

Na ce masa zan kula da ita. Da Italiyanci na faɗa.

Takarda irin wannan ba a sa ta a firam kai tsaye. Sai an ja farin yadi a kan katako, a shafa manne na sitaci, a kwantar da ita a kai, a bar ta ta bushe kwana biyu. Takwas ɗin na sa su a durowa suna jiran layi. Babbar na fara da ita. Ranar Lahadi na liƙa ta, na jingina katakon a bangon da ke bayan teburin Buraima don nan ne kawai zai shiga. Abu Nayif ya tafi Jidda. Buraima ya kwana biyu yana aiki da matar a bayansa, bai juya ya kalle ta ba ko sau ɗaya, sai dai ya ce, "Ɗan Italiya, baƙuwarka ba ta jin sanyi?"

Ranar Talata da hantsi mai shagon kusa da mu ya leƙo. Ya ce masu duba kaya suna kan layi, shago bayan shago suke bi, saura huɗu su iso.

Na taɓa ganin zuwansu. A shekarata ta biyu sun sami kwali ɗaya na man gashi da bai bi ta teburin Buraima ba. Aka rufe siton mako biyu. Ɗan Bangaladash ɗin da ya sauke kwalin bai ƙara kwana goma a ƙasar ba.

Na kalli katakon. Ba ya shiga durowa, ba ya wucewa ta ƙofar baya. Zan iya juya shi ya kalli bango. Zan iya yafa masa tampol. Amma na san su, abin da aka rufe shi suke fara ɗagawa. Na kira Abu Nayif sau biyu, bai ɗauka ba.

"Baba," na ce, "rufe ta."

Buraima ya juyo. "In rufe wa?"

Na nuna.

"Wanga ba kayan kanti ba na. Abin mutum na."

"Na sani."

"Tsohon nan hwa ya ce na matatai na. Ban jin yarenku, amma na ga idonai."

"Baba, in suka gan ta haka, sito za su rufe. Ni na liƙa ta, sunana za a rubuta. Yi kawai."

Ya ajiye kwalin da ke hannunsa. "Kai kay yi karatun abin ga. In na sa tawada, tana hita?"

Na san amsar. Tawadar nan ba a saman takarda take tsayawa ba, shiga take yi cikin jikinta. A ajin farko aka koya mana.

"Zan san yadda zan yi," na ce.

"Ka tabbata?"

"Ni na ce ka yi."

Ya yi bisimilla ya cire murfin alƙalami. Minti ashirin ya ɗauka. Ya bi layin wuyanta, ya gangaro kafaɗa, ya rufe bayan, ya yi mata hannun riga har wuyan hannu. Ta cikin madubin ma bai manta da ita ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙen layi.

Samari biyu ne suka shigo, ɗaya da waya a hannu. Tukunyar kashe gobara suka tambaya. Suka duba ranar da ke jikinta, suka duba wayoyin lantarki, suka ce a janye kwalaye daga bakin ƙofa. Suna fita ƙaramin ya tsaya gaban katakon. Ya kalli matar, ya kalli yatsun Buraima, ya fashe da dariya.

"Ya ammi," ya ce, wato baffa, "har yanzu kuna yin wannan? Wa ya ce ku yi?" Ya ɗauke ta hoto da wayarsa. "Wannan zamanin ai ya wuce. Halas."

Haka ne kuwa. An daina tambaya tun wata da watanni. Babu takardar da aka aiko, babu wanda ya zo ya ce ku daina. 'Yan ƙasa sun ji a jikinsu sun saki. Mu da iƙamarmu ke aljihun wani, mu ne na ƙarshen ji.

Na kwana biyu a kan fostar. Na gwada sifirit da auduga a can gefe, wajen gwiwar hannunta. Baƙin ya narke ya bazu, ya tafi da koren rigar. Na gwada wani ruwan mai ƙarfi, takardar ta fara saɓulewa. Na bari. Buraima yana bayana yana rufe ƙafafun mata a kwalin takalma, don ba wanda ya ce masa ya daina.

"Ta hita?" ya tambaya ranar Laraba.

"Tukuna."

Ranar Alhamis bai tambaya ba.

Abu Nayif ya dawo ranar Asabar, kuma tare da Dakta ya shigo, suna hira. Dakta ya zo ganin yadda aiki ke tafiya. Ya tsaya gaban katakon. Ya cire tabarau ya goge da gefen mayafin kansa ya mayar. Ya daɗe. Sannan ya ce da Larabci, a hankali, "Wa?"

Ba sai an amsa ba. Yatsun Buraima baƙi ne har farce, shekara goma sha huɗu haka suke. Abu Nayif ya juya kan Buraima ya fara ihu. Jaki ya kira shi. Ya ce wa ya ba shi izinin taɓa kayan da ba na shago ba, ya ce ya tozarta shi gaban surukinsa.

Buraima ya kalle ni. Sau ɗaya, ba da daɗewa ba. Yana jira ne.

Dakta ya matso kusa da ni ya tambaye ni da Italiyanci ina nake lokacin. Na ce masa na fita sayen manne, na dawo na tarar an yi. Na ce ina ba shi haƙuri matuƙa. Lafazina ya fita tsaf, kamar yadda malamaina suke so. Abu Nayif bai ji abin da na ce ba. Buraima ma bai ji ba, amma ya ga Dakta ya dafa kafaɗata.

"Wallahi, ya hal," Abu Nayif ya ce wa kawun matar tasa, gaban direba da masu sauke kaya, "wanda ya yi wannan ba zai ƙara wata a ƙasar nan ba."

Ranar Litinin ya yi wa Buraima takardar fita ta dindindin. Kwana goma ya ba shi.

Na jira Buraima ya faɗa. Na ma shirya abin da zan ce in ya faɗa. Bai faɗa ba. Da rana ya shimfiɗa kwali ya raba burodi biyu kamar kullum, ya tura mini rabina. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "To," ya cinye duka.

A unguwar Al-Naseem muke zaune, ɗaki biyu a saman wani shagon wanki. Bayan la'asar ranar na gaya wa matata Mansura, duka, har da maganar manne. Tana tsince shinkafa. 'Yarmu Bilƙisu tana ɗaki tana hadda da ƙarfi. A Riyadh aka haife ta, in ka yi mata Hausa da Larabci take amsawa, kuma Gusau sau biyu ta taɓa ganinta.

Mansura ba ta ɗago ba. "To me kake so in ce?"

"Shawara nake nema."

"Ba shawara kake nema ba, Baban Bilƙisu. In na ce je ka faɗa, ni ce na kwashe mu daga nan, na cire yarinya daga makaranta. In na ce yi shiru, ni ce na kori tsoho. Ka ɗauki kayanka, kada ka ɗora mini." Ta zubar da tsakuwar da ta tara. "Mutumin da ya kawo mana rago ranar sunan yarinyar nan."

"Na tuna."

"Ai na san ka tuna. Kai ba ka mantuwa, aikatawa ce ke ba ka wuya."

Na gama sauran takwas ɗin a cikin mako. Aikin ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Na kai su gidan Dakta ranar Alhamis da rana, na rataye su a majalisi inda ya nuna. Ya bar wuri ɗaya babu komai a tsakiyar bangon. Babbar tana wani ɗaki, ya ce bai san abin da zai yi da ita ba tukuna.

Ya hana ni tafiya. Ya sa aka kawo gahawa da dabino, ya ja labule, ya kunna mini fim ɗin matar mai koriyar riga. Na taɓa ganinsa ina ɗalibi, a wani ƙaramin silima mai warin sigari, amma na manta yawancinsa. Matar ta ga ƙanwarta tana shan wani magani da ta san zai cuce ta, ba ta hana ta ba, don tana son ɗakin ƙanwar mai taga. Shi ke nan labarin. Sauran awa ɗaya da rabi tana zaune a ɗakin mai taga.

"Ka ga abin da ya sa nake son waɗannan," in ji Dakta. "Babu ɗan sanda. Ba a kama kowa. Mutum yana komawa gida ya ci abinci, gobe ma ya ci. Shekara talatin da biyar irinsu nake gani a ofishina. Wanda aka kama yana warkewa da wuri."

Na riƙe finjalin har ya huce. Maganar ta zo mini har baki. Abin da ya fito shi ne, "Dakta, tsohon nan, ba za ka sa baki ba? Yana da iyali."

"Ban nemi a kore shi ba. Ban riƙe shi da komai ba, abin da aka koya masa ya yi." Ya ɗaga kafaɗa. "Na yi wa Abu Nayif magana, ya ce ya rantse gaban mutane. Tsakanin mutum da ma'aikacinsa ba na shiga sau biyu."

Ya raka ni har ƙofa. Ya ce in riƙa zuwa duk Alhamis, yana da finafinai da yawa kuma ba shi da abokin kallo.

Saura kwana biyu Buraima ya tafi na shiga ofishin Abu Nayif na rufe ƙofa. Yana cin gyaɗa yana duba waya. Na faɗa masa a tsaye, a taƙaice. Ni na ba da umarni. Buraima ya ƙi, sau biyu ya tambaye ni, na tilasta masa. Na yi wa Dakta ƙarya.

Bai daina tauna ba.

"Na sani," ya ce.

Ya sake jefa gyaɗa a baki.

"Ya Uwais, kana ganin ban san Buraima ba? Shekara goma sha huɗu bai taɓa cire murfin alƙalami ba sai an ce masa cire. Ga kiranka biyu a wayata ranar Talata. Ni ba yaro ba ne." Ya karkaɗe hannunsa. "Aikinsa ya ƙare ko da wannan ko babu. Ba mai son baƙar tawada yanzu. Kai kuwa kawun matata ya kira ni sau uku a kanka, abokansa ma suna da hotuna."

"Ba adalci ba ne."

"To, mu yi adalci." Ya juyo mini da fuskar wayar. "Ga takardarsa nan. Minti biyu in soke ta. Zan mayar da shi wajen sauke kaya, ba zai rasa abin yi ba. Amma na rantse wanda ya yi zai bar ƙasar, kuma ba zan yi kaffara don ku ba. Suna ɗaya zai shiga nan. In naka ne, faɗa yanzu. Kai da matarka da 'yarka, kwana goma."

Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara. A waje wani yana jan amalanken albasa yana cewa a ba shi hanya. Na yi tunanin makarantar Bilƙisu, na yi tunanin shekara ukun nan na Gusau, ina zaune a ƙofar gidan yayana ina karanta jaridar jiya. Ban yi tunanin Buraima ba sosai. Gaskiyar ke nan.

Abu Nayif ya jira. Ya ba ni lokaci mai yawa, ba zan ce ya yi mini gaggawa ba.

"Halas," ya ce, ya kife wayar. "Ja mini ƙofar. Jibi kai za ka kai shi filin jirgi, direba yana da aiki."

Jirginsa na la'asar ne. Na ɗauke shi da azahar a gidan da suke haya su shida, 'yan Maraɗi da Damagaram. Suka fito suka yi masa addu'a a bakin titi. Wani cikinsu, Maulud, ya ƙi karɓar hannuna, ko kuma bai gani ba. Kayan Buraima akwati biyu ne da bargo a ɗaure da igiya. Ya sa sabuwar jallabiya. Ya goge yatsunsa da wani abu har fatar ta yi ja, amma baƙin yana nan a gefen farce.

Muka kama hanyar arewa. Da muka fita daga cunkoso Buraima ya juyo.

"Delou ta ce ta share mani ɗaki," ya ce. Matarsa ke nan. "Ta ce gara haka, wai ta gaji da auren tarho."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

"Amin." Ya gyara zama. "Ɗan Italiya, in tambaye ka. Matar nan. Minti ashirin ina gabanta, ban taɓa kallon hoto haka ba. Mi ya same ta? Mi ta gani cikin madubin?"

Na gaya masa labarin fim ɗin. Ƙanwar, maganin, ɗakin mai taga.

"Sannan mi?"

"Shi ke nan."

"Ba a yi mata komi ba?"

"Ba a yi ba."

Ya yi tsaki. "Turawa. Su biya kuɗi su zauna kallon wanga."

A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid na samo masa amalanke na ɗora akwatunan. Na tura har bakin inda ba a barin mai rakiya ya wuce. Na shirya magana tun daga Utaiƙa. Na fara, "Baba, ni ne..."

"Abu Nayif ya hwaɗa mani," ya ce. "Jiya, da na je sallama. Ya ce ka je ka hwaɗi gaskiya. Ya ce ya ba ka zaɓi."

Ya zaro fasfo ɗinsa daga aljihu.

"Da ba ka je ba ma ya hi mani. Da sai in ce tsoro na, yaro ya ji tsoro, kowa na ji. Yanzu kuwa ka zauna ka duba ka zaɓa." Ba da faɗa ya faɗa ba. Yana duba fasfo ɗinsa ne, yana neman shafin da aka buga hatimi.

"Ka yafe mini, Baba."

Ya rufe fasfon ya sa a aljihun gaba ya danna da tafin hannu.

"Ban ce na yahe ba, ban ce ban yahe ba. Bari in isa gida tukuna, in ga abin da na iske." Ya karɓi amalanken daga hannuna. "Ka gaida Mansura. Ka ce ma ɗiyar nan ta koyi Hausa, wata rana za ta buƙace ta."

Ya shiga layi. Wani jami'i ya nuna masa wani layin daban, ya koma can ba musu. Na tsaya har ya wuce na'ura. Bai waiwayo ba.

Ranar Alhamis ce. Dakta yana jirana ƙarfe huɗu, kuma na je.